Tambaya Ta Biyar

Ranar wata Litinin cikin rani, shekara guda kafin Arewa ta sami mulkin kai, mahaifina ya same ni zaune ƙarƙashin tsamiyar garkarmu a fadamar Wurno, takardu baje a gabana, jigon ban ruwa kuwa yana tsaye babu mai ja. Kwana biyu ke nan albasa ba ta sha ruwa ba, kunya uku har sun kwanta. Bai ɗaga murya ba. Ya duƙa ya murza ƙasa a hannunsa, ya ce, "Mi ka cikin takardag ga da yaf fi abincin gida?"

Shekaruna goma sha bakwai lokacin, ina ajin ƙarshe a makarantar kwana. Da za mu taho hutu, Baturen da ke koya mana lissafi ya ware mu uku ya ba mu tambayoyi biyar, ya ce aikin da muka kawo shi zai nuna wanda za a tura karatun injiniya. Duk biyar ɗin intagiral ne, wato lissafin da ake yanka abu siri-siri a tattara don a san girmansa, kuma duk cike suke da sayin da kosayin, ma'aunan nan na kusurwa. Huɗu na farko sun ba ni wuya amma sun sallama. Wata na sauya mata harafi ta warware, wata na raba ta gida biyu, wata kuwa sai da na tuna cewa sayin sau kansa da kosayin sau kansa in an haɗa ɗaya suke bayarwa. Ta biyar gajera ce, ko layi ba ta cika ba: a ɗebe rabin sayin sau kansa daga ɗaya, a nemi tushensa, a tattara. Fiye da kwana goma ina kanta. Duk ƙofar da na bi sai ta maido ni inda na fito. Littafina ya cika, na koma rubutu da tsinke a ƙasar tsakar gida, kaji suna bi suna tonewa, Inna tana daka tana kallona ta gefen ido. Samarin unguwa suka daina kirana langa da kokawa.

A nan bakin garka Baba ya yanke hukunci. "Jumma'a motar komawa makaranta ka tashi. In ba ka gama ba, boko ya hi ƙarhinka, sai ka zamna mu yi noma." Na san ba ya magana biyu.

Ranar Laraba aka aike ni Achida in kai wa Kawu Bawa, ƙanen Inna, irin albasa. Shi maginin rijiya ne. Na tarar da shi yana tattara kayan aiki a bakin wani rami mai zurfin gaba goma, mai rijiyar yana ta roƙonsa ya ƙara ko gaba ɗaya. Kawu ya nuna masa dutsen da ya fito da shi, ya ce ko shekara za a yi ba a cim ma ruwa a wurin ba. A hanya na ba shi labarina. Ya ce, "Ɗana, rago shina barin rami don ya gaji. Gwani kau sai ya san dalili kahin ya hito."

Da na dawo ban sake neman dabara ba. Na jera hanyoyi bakwai da na gwada, na nuna inda kowace ta tsaya. Sannan na yanka tambayar gida takwas, na lissafa kowane yanki da hannu, na sami kusan ɗaya da ɗigo uku biyar. A ƙasa na rubuta cewa a ganina ba ta da amsa ta ƙa'ida guda da aka saba, sai dai kusantawa. Safiyar Jumma'a na durƙusa gaban Baba na faɗa masa gaskiya: huɗu na gama, ta biyar na ce ba ta warwaruwa. Yana jan tasbaha, ina jin direba yana ta oda a tasha. "Kasawa kay yi, ko sani kay yi?" Na ce, "Baba, ban tabbata ba, amma ina zaton sani ne." Ya ce in ɗauki akwatina.

A makaranta malamin ya karɓi takardunmu, ya karanta muna tsaye. Abokaina biyu sun kawo amsoshi masu tsawo da kyan gani. Ya ce su juya lissafin baya su gani ko zai koma tambayar. Bai koma ba. Da ya zo kan tawa ya cire tabarau, ya ce manyan masana sun daɗe da tabbatar da cewa wannan ba ta da irin amsar da muke nema, da gangan ya sa ta. Ni aka tura.

Yanzu jikata tana buga irin wannan tambaya a waya, kafin ta ɗago kai an gaya mata ba ta warwaruwa, ta wuce gaba ba tare da zufa ba. Ina yi mata murna. Amma da ma Baba yana nan, in koma in ba shi amsar da ban iya ba shi da ƙarfin murya ba a wannan safiya. Sani ne, Baba.