Ƙullin Inna

Shekarar da na shiga kolej a Tasawa, Inna ba ta taɓa miƙo mini kuɗi a hannu ba. Duk farkon wata, kafin in hau amalanke daga Korgom, sai ta ɗauko tsohon kallabinta, ta raba kuɗin guzurina gida huɗu, ta ƙulle kowane kashi daban, ƙulli ɗaya na mako ɗaya. Kuma sai ta jiƙa ƙyallen kafin ta ɗaure, don in ya bushe ko haƙori ba ya kwance shi da sauƙi.

Abin yana ba ni haushi ƙwarai. Na sha tsayawa gaban mai tsire a bakin tasha tun ranar Laraba, ina fama da ƙullin mako mai zuwa ina ƙunƙuni. Kafin in ci ƙarfinsa kunya ta kama ni, kwaɗayin ma ya kwanta, sai in koma ga ƙuli-ƙulina da garin rogo.

Yau albashina cikin waya yake shigowa, danni ɗaya ya isa ya fice. Kallabin yana nan cikin akwatina, duk ya koɗe. Mai jiƙa shi ce babu.