Ƙwan da Ke Kaɗawa a Ruwan Ɗumi

Yau da safe kazata ta tashi daga kwanci, ta bar ƙwai uku ba ta ƙyanƙyashe ba. Ina ɗauko ƙwarya sai Goggo ta faɗo mini a rai, yayar babana da ta riƙe ni a Garwa zamanin Jamus.

Goggo ba ta zubar da ƙwai sai ta gwada. Takan sa su a ƙwaryar ruwan ɗumi, ta hana kowa matsowa. Idan ruwan ya kwanta, mai rai sai ya kaɗa da kansa.

Ina yarinya na tambaye ta, "Goggo, wa ya taɓa shi?"

Ta ce, "Ba kowa, ɗiyata. Ba ya gani, ba ya ji, amma yana koyon tafiya tun bai taka ƙasa ba."

Da na yi cikin fari, a wata na bakwai motsi ya ɗauke kwana biyu. Ta kwantar da ni a inuwar tsamiya, ta gasa tafinta a murhu, ta ɗora mini a ciki. Hannunta yana ƙamshin hayaƙi da man shanu. Muka yi tsit kamar yadda muke yi wa ƙwai. Sai la'asar ta ɗauke hannun. Kallabina kawai ta gyara. Bayan kwana uku na haife shi ba rai.

Yau ɗaya cikin ƙwan nan ya kaɗa, har na waiwaya in nuna mata.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya haɗa ta da yaron da ta wuni tana jiran motsinsa.