Ƙasar Gindin Tsamiya

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyar ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu ɗinki a shagona na Kaura har sun fara cewa tela ya gudu da yadi. Ban gudu ba, ƙafa ce ta kayar da ni.

Ƙaya na taka a gonarmu ta Badarawa. Na cire, na shafa man zafi, na koma kan keken ɗinki. Sati biyu wurin ya kumbura, ya fashe, ya fara wari. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama.

A asibitin Kaura aka ɗebi jinina. Likita ya ce, "Malam Sanusi, kana da ciwon suga, kuma ya daɗe. Ku wuce Gusau yau, kada ku kai gobe."

A Gusau aka yi hoton ƙafa. Suka ce in ruɓar ta haura idon sawu, sai an yanke daga gwiwa.

Ƙafar dama. Da ita nake taka keke, da ita nake ciyar da mutum shida. Wallahi na yi kuka a gaban matata Hajara, ban ji kunya ba.

Kullum da safe wankin ciwo, allurar suga, ƙarin ruwa. Geron da muka ajiye na shekara ya tafi a magani. Duk lokacin da aka kwance bandeji sai in leƙa in ga ko baƙin ya hau. Yana hawa.

Ana haka Kawu Tsalha ya iso, duk da halin da hanyar Shinkafi take ciki. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Boka ne, kowa ya sani. Tun ina yaro ban taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba.

Ya ɗaga zane ya duba ƙafar ya ce, "Wanga ba ciwon likita ba na. Mai tsamiya ka taka ma ɗiya."

Ya ciro ƙullin tsumma, ƙasa ce daga gindin tsamiyar bakin gonarmu. Wai a jiƙa in sha, a shafa a ciwon, in kira sunan mai tsamiya, wato aljanin da ke cikinta, sau uku in nemi tuba. Sannan in ajiye salla kwana bakwai, don ba ya shiri da ita.

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"Kai da Allahn naka, kwana nawa kana roƙo? Mi ya ba ka?"

Ya cusa ƙullin ƙarƙashin filona ya zauna.

Aka yi ta kirana a waya. Inna tana kuka, "Sanusi, kwana bakwai ɗai na, ka rama bayan ka tashi." Ƙannena suka ce taurin kaina zai mayar da 'ya'yana mabarata. Hajara kuwa na ga tana kallon filon.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma na kalle shi. Ana gobe za a shiga da ni tiyata, na sa hannu na taɓa ƙullin har sau biyu. Zuciyata tana cewa, mene ne kwana bakwai a kan ƙafa? Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Azahar ta yi, har tana neman fita. Hajara ta tafi layin karɓar magani. Hannuna ɗaure da robar ƙarin ruwa, an hana ruwa ya taɓa wurin, kwanaki da taimama nake salla. Na ce, "Kawu, don Allah ɗebo min ƙasa a waje."

Ya kau da kai. "Ban ɗebowa."

Sai na jawo ƙullinsa, na kwance a kan faranti, na baza. Ƙasa ce mai tsabta, ja, irin ta gonarmu. Na yi bisimilla, na buga tafukana, na shafi fuska.

Kawu ya miƙe tsaye. "Ka kashe kanka! Wallahi ba ka kai magariba!"

Na yi sallata a kwance, hawaye na shiga kunnena. Na ce ya Allah, ƙafar taka ce, ƙasar ma taka ce. Ka bari ko ka karɓa, ba ni da wani sai kai.

Kawu bai fita ba. Ya zauna yana gadin mutuwata. La'asar na sake buga ƙasar. Magariba ma haka.

Washegari aka yi aiki. Yatsu biyu suka tafi, ƙafa ta tsira. Da na farfaɗo na ce alhamdulillahi, Kawu ya ce, "An yanke ka, kana godiya?" Na ce, "Saura uku, Kawu." Bai yi dariya ba.

Yanzu ina gida, ina ɗingishi, na fara taka keke kaɗan-kaɗan.

Na gode wa likitoci da nas-nas, da Hajara wadda ta yi kwana arba'in a kan tabarma. Allah ya saka muku da alheri. Shawarata: ku gwada suga ko ba kwa jin komai. Ciwon ƙafa in ya wuce sati bai kame ba, ku tafi asibiti. Kuma in naku ya kauce, kada ku zage shi, ku yi masa addu'a.

Juma'ar da ta wuce Kawu ya zo shago. Ya jira kowa ya fita, ya ɗauki butata yana jujjuya ta. Ya ce, "Shekara talatin nike ba tsamiyar nan baƙin bunsuru. Ka yi salla da ƙasatta, ba ta iya yi maka komi ba."

Ya tsuguna, ya naɗe hannun riga.

"To gwada min. Hannu aka hwarawa ko huska?"