Ranar da Alhaji Sabo Ya Danna Jan Madanni

Ku jingine tsintsiya, ku matso nan kusa da ni, ku ara mini kunnuwanku, ku da za ku gaji aikin ɗakin nan a bayana. Ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Sabo ya shigo majalisar kaset da kwali a rungume ba, wata Asabar ce cikin damina, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, bakin babbar rigarsa duk taɓo, shi kuwa sai murmushi yake yi kamar an yi masa haihuwa.

Bari in fara gaya muku yadda wurin yake a lokacin. Majalisar tana nan inda take, bayan shagon Malam Garba mai gyaran rediyo a Fadaman Mada. Dattawa ne da Allah ya ɗora wa son tsofaffin kaset-kaset, na goge, na garaya, na kalangu, na waƙoƙin noma, duk abin da aka taɓa naɗa a ƙasar nan. Kowace Asabar mutum zai zo da abin da ya sayo a makon, a saurara tare, a yaba, a kushe, a yi ta gardama har masa ta huce. Ni aikina shara da goge kantoci, da toya masa, da haɗa zoɓo, sai kuma riƙon kwandon waya. Duk wanda ya shigo, komai girmansa, sai ya jefa wayarsa a kwandona, don a majalisar ba a naɗar kaset ɗin wani, ba a kwafa. Ba a kuma sayar wa juna, ba a kyauta, sai dai musaya.

Malam Garba shi ne Sarkin Rakoda, shi ke sa kaset shi ke cirewa. Tun ranar da ya ɗauke ni aiki ya nuna mini madannan rakodar, ya ce in goge ko'ina amma kada tsummana ya kusanci jan nan na gefe. Shi ne madannin naɗa. In an danna shi da kaset a ciki, rakoda sai ta riƙa shafe abin da ke zaren tana ɗaukar surutun ɗaki a madadinsa. Saboda haka ne kafin a sa kowane sabon kaset, Malam Garba yakan ɓalle wasu 'yan robobi biyu da ke gindinsa, muna ce musu haƙora. Kaset ɗin da aka cire wa haƙora, jan madanni ba ya dannuwa a kansa.

Kowa ya yarda da wannan ban da Alhaji Sabo. Tsohon ɗan kasuwar yadi ne, kantarsa ta fi ta kowa tsawo, kuma shi a wurinsa kaset mai giɓi nakasasshe ne. Yadda ya sayo abu haka yake son ganinsa, har ledar ma ba ya yarwa. An yi, an yi, an gaji an ƙyale shi.

Abokin tsokanarsa shi ne Malam Yohanna, mutumin kudancin jiha, wanda ya yi aikin koyarwa a garin nan har ya yi ritaya. Matarsa Rifkatu ta rasu da daɗewa. Kowa a majalisar ya san abin da yake nema. Tana budurwa ita ke ba da waƙa a zumuntar matan cocinsu, kuma an taɓa naɗarsu a wani taro, kaset ɗin ya ɓace tun kafin su yi ƙaura zuwa birni. Duk kwalin da aka buɗe sai ka ga ya miƙa wuya. Alhaji kan ce masa, mutumina, wuyan nan naka wata rana sai ya tsinke.

To, ranar nan Alhaji ya ce wani mai shagon kaset a Ƙofar Dumi ne ya tashi daga sana'a, ya kwashe abin da ya rage masa gaba ɗaya. Aka zazzage kwali a tabarma. Ku zo ku ga tsofaffi masu jikoki suna rarrafe, wannan ya ɗaga wannan, wancan ya sunsuna wancan, ana ta shewa. A can ƙasa aka sami wani mara hoto, mara suna, irin wanda mutum ke naɗa da kansa. Aka ce da shi za a fara. Malam Garba ya ɗauko ɗan sukundirebansa zai ɓalle haƙora, Alhaji ya riƙe masa hannu ya ce a bar masa kayansa da haƙoransu.

Aka sa. Da farko wani mutum ne yake ta gaishe-gaishe, ya gai da manya, ya gai da baƙi, ya gai da waɗanda suka dafa abinci, har Alhaji ya fara hamma. Can sai kiɗan tulu ya ɗauka, caki ya bi, sai wata murya ta tashi siririya, tas, kamar ruwan randa.

Ina tsaye da tire a hannu na ga Malam Yohanna ya miƙe. Hularsa ta faɗi ƙasa. Sai da amshi ya zagayo sannan ya ce, a hankali, ita ce.

'Ya'yana, ɗakin nan ya taɓa ganin murna, amma ban ga irin ta ranar ba. Malam Yohanna ya shiga taka rawa da gwiwarsa mai ciwo, Malam Garba yana buga murfin akwatin kayan aiki, sauran suna tafi, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar coci ba suna ta amshin da ba su san kansa ba. Alhaji ma ya ɗaga hannuwan riga yana juyi yana cewa a shaida, kayansa ne, shi ya sayo. Ni da nake da girman kaina sai da na ajiye tire na rangaɗa guɗa.

Da waƙar ta ƙare aka zauna ana haki, sai Malam Yohanna ya nemi musaya. Ya ce Alhaji ya zaɓi duk abin da yake so a kantarsa. Alhaji ya ce a'a. Ya ce to ya ɗauki kantar gaba ɗaya. Alhaji ya gyara zama ya ce abin da babu irinsa a duk faɗin Bauchi ba ya barin hannunsa, amma duk Asabar in an roƙe shi da ladabi zai sa a ji. Aka yi dariya, Malam Yohanna ma ya yi, sai dai na ga yadda yake murza hularsa a hannu.

Aka ce a maimaita. Malam Garba ya mayar da zare farko, ya kai hannu zai danna, Alhaji ya ture shi ya ce yau mai kaya ne zai sa da kansa. Ga shi bai zo da tabarau ba, ga yatsu masha Allah. Ya danna, muka ji ƙwas, aka yi tsit ana jira.

Shiru. Aka ce ai farkon zare ne. Shirun ya yi tsawo, sai hira ta ɓarke. Malam Yohanna ya sake roƙo, Alhaji ya sake ƙi, har da rantse-rantse. Ni kuma ina zagayawa da jug ɗin zoɓo. Can Malam Yohanna ya juya wajen rakoda yana wasa, ya yi wa matarsa magana kamar tana bayan labule. Daidai nan na zo wucewa, idona ya faɗa kan wata 'yar jar fitila da ban taɓa ganin ta kunnu ba. Na taɓa kafaɗar Malam Garba na nuna masa. Ban san tsoho na iya tsalle haka ba. Ya tsallake tabarma ya kashe rakodar, ya tsaya dafe da kai.

Ba wanda ya tambayi abin da ya faru, kowa ya gane. Abin da ba mu sani ba shi ne iya inda shafewar ta kai. Alhaji ya zama kamar an watsa masa ruwan sanyi, sai salati yake yi ƙasa-ƙasa. Malam Yohanna ya zauna a kan benci ya ce, cikin wata irin murya, ba komai, ai ya ji ta sau ɗaya. Wannan maganar ta fi zagi zafi a ɗakin.

Malam Garba ya ciro kaset. Bai nemi izinin kowa ba ya ɓalle haƙoran nan biyu, Alhaji yana kallo. Ya ƙi yarda da rakoda ta mayar da zaren, ya zura biro a ramin kaset ya riƙa juyawa da hannu, mu kuwa mun zuba masa ido kamar masu jiran unguwarzoma. Ya sa, ya danna.

Sai ga muryar Alhaji ta cika ɗaki, ɓaro-ɓaro: "Wallahi ko gidanka za ka haɗa mini da shi ba na bayarwa, mutumina. Ka ci masa ka yi haƙuri." Sai ƙarar kofuna, sai ni, ni ɗin nan, ina cewa, "Wa bai samu zoɓo ba?" Wani ya tuntsire da dariya ya toshe baki. Sai muryar Malam Yohanna, kusa da rakoda, yana cewa, "Rifkatu, ki fito mana, mutane na jira. Ke kullum sai kin makara."

Ƙwas. Tulu ya ɗauka, caki ya bi, Rifkatu ta fito.

Mai gaishe-gaishen nan kaɗai aka shafe, shi da manyansa da baƙinsa da masu dafa abincinsa. Ko numfashinta na farko bai taɓu ba. Ɗaki ya kece. Malam Garba ya kwanta a tabarma yana dariya yana share hawaye, wani ya fita waje da gudu ya dawo bai san abin da ya fitar da shi ba, Malam Yohanna kuwa ya rungume Alhaji yana kuka yana dariya yana cewa ta amsa, Alhaji, ka ji ta amsa. Aka maimaita, aka sake maimaitawa, duk lokacin da aka zo kan "ka ci masa ka yi haƙuri" sai majalisa ta amsa baki ɗaya.

A nan ne Malam Garba ya tuna wa Alhaji alkawarinsa, cewa duk Asabar zai sa a ji. Alhaji ya dubi kaset, ga giɓi, ga rowarsa a naɗe a ciki, za a riƙa ji har jikoki. Ya yi gyaran murya ya ce shi dai kowa ya sani ba ya ajiye nakasasshen kaya, a zo a yi musaya. Kada ku ɗauka ya yi sanyi. Kaset ɗin gogen da ya fi kowanne daraja a kantar Malam Yohanna, wanda Alhaji ya yi shekaru yana haɗiyar yawu a kansa, shi ya nuna. Malam Yohanna ya ɗauko ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Alhajin Allah, da ka ce biyu ma da na ba ka." Alhaji ya ce, "To ai ba a rufe ciniki ba." Sai da Sarkin Rakoda ya tsawatar.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Da ina ganin mutanen nan roba suke tarawa, ina goge musu ita don a biya ni. Tun ranar na gane kowannensu akwai muryar da yake nema a cikin kwalayen nan, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Shi ya sa nake ce muku in za ku ɗaga kaset, ku ɗaga shi kamar kuna ɗaga jariri, jan madanni kuwa ko da tsumma.

Alhaji Sabo ya kwashe makonni yana ɓalle haƙoran kayansa da kansa, ni na sha sharar 'yan robobin, kuma har Allah ya karɓi abinsa bai sake taɓa rakoda ba. Malam Garba ido ya yi rauni, ya sauka daga sarauta, amma yana nan zuwa duk Asabar yana gyara wa magajinsa zama. Malam Yohanna ya koma garinsu wajen 'ya'yansa da kaset ɗinsa a aljihun gaba. 'Yarsa ta zo gaishe ni bara, ta ce kowace safiya sai ya sa, kuma jikokinsa sun haddace shi tun daga farko. Ta ce ƙaramar cikinsu, in an kawo abinci, sai ta miƙe ta riƙe ƙugu ta ce wa bai samu zoɓo ba.

Nan na kawo, nan na ajiye. Ku ɗauki tsintsiyarku.