Ranar da Na Shiga Kori da Baƙi Shida

Shekarata talatin da biyar a lokacin, kuma da ka tambaye ni, da na ce maka duk Agadas babu wanda ya kai ni wayo. Ni mutumin kudu ne, daga wajen Damagaram. Gyaran mota ne ya kawo ni garin nan, daga baya na bi masu haƙar zinariya zuwa Cibarakaten, na yi shekara uku ina gyara musu injina cikin ranar da ke dafa ƙwaƙwalwa. Allah ya sa na dawo da ɗan abin hannuna. Mai hankali da sai ya faɗaɗa garejinsa ya zauna lafiya da iyalinsa, amma ni sai na zauna ina kallon bidiyo a waya. Can na ga yadda ake yi a wasu garuruwan bakin teku: babban jirgin ruwa ya tsaya, 'yan yawon buɗe ido su sauko, a ba su wasu ƙananan motoci marasa ƙofa marasa gilashi, ƙarfe ne kawai da manyan tayoyi, su yi ta tsere cikin rairayi suna ihu, kafin yamma a mayar da su jirginsu. Na ce a raina, in dai rairayi ne ake sayarwa, ai mu ne masu shi. Ban yi shawara da kowa ba na sayo guda huɗu. Ranar da aka sauke su daga kamiyo, babbar motar kaya, mutanen unguwa suka kewaye su suna dariya, suka sa musu suna ƙwarangwal, sunan kuma ya bi su.

Baƙi sun yi ƙaranci a shekarun, amma ana samun 'yan tsiraru, yawanci Turawa masu aiki a Yamai da ke zuwa kwana biyu su koma. Mai otel ɗin da ya yarda ya riƙa turo mini su ya kafa sharaɗi guda, cewa ba za a fita daji ba sai da jagoran da ya san ƙasa. Shi ya haɗa ni da wani dattijo Ba'abzine da ya yi shekara talatin yana kai baƙi cikin duwatsu da katkat, motar nan mai shiga daji, bai taɓa dawowa da ko mutum ɗaya da ƙwarzane ba. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini patron, wato maigida, da wata irin murya da har yau ban tabbatar ko girmamawa ce ko ba'a ba. Gaskiya tun farko ya riƙa ƙona mini rai. Duk garkar da za mu wuce, wato lambun bakin hanya, sai ya sa an tsaya, ya sauka, ya gaisa da mai garka, a tambayi lafiyar iyali da ta awaki da ta albasa, in an kawo shayi a zauna a sha. Ni ina kallon agogo, lisansi, wato man mota, yana ƙonewa, baƙi suna tambayata me ake jira. Na sha gaya masa cewa mutanen nan gudu suka zo yi, ba gaisuwa ba. Sai ya ce mini shi ba gaisuwar kawai yake yi ba, labarin dutse yake tambaya. Na ɗauka surutun tsofaffi ne.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce. An ba mu baƙi shida, maza uku mata uku, ɗaya daga cikin matan tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da ke tafiya da sanda. Jirginsu na komawa Yamai zai tashi ƙarfe huɗu na yamma, mai otel kuma ya ja mini kunne cewa jirgi ba ya jiran kowa. Muka fita da safe ta hanyar Tabelot, ni da Baba a motar gaba, su bibbiyu a sauran ukun suna tuƙa kansu, katkat ɗin masu yi wa baƙi rakiyar tsaro na biye da mu a baya. Tun kafin azahar suka fitar da ni daga hayyacina. Na ce a bi sahuna, kowa ya kama gabansa. Na ce kada a cire hular kwano, suka cire don hoto. Akwai wani dogo mai jan gemu a cikinsu wanda duk raƙumin da ya gani sai ya taka birki, kamar bai taɓa jin labarin raƙumi ba. Da muka juyo, na duba agogo na ga mun ci awa guda cikin lokacin komawa, hanyar tudu kuwa duk duwatsu ce, ba a gudu a kanta.

A nan ne dabara ta faɗo mini. Gefen hanyar akwai kori, wato busasshen kogin nan da ke gangarowa daga duwatsu ya nufi wajen gari, cikinsa rairayi sumul kamar an share. Na ce mu bi ta ciki, mu rage hanya, baƙi kuma su sami gudun da suka zo nema, katkat ya bi ta sama mu haɗu a gaba. Baba ya ce sam. Ya nuna mini wani baƙin hadari can nesa a kan duwatsu, ƙarami kamar tafin hannu, ya ce an yi ruwa a can ko ana kan yi. Ya ce aƙalla mu tsaya garkar da ke bakin gangaren mu tambaya, domin masu garka na sama suna kiran na ƙasa a waya da zarar kori ya taso, minti goma kawai zai ɗauke mu. Na ɗaga kai na ga sama tas, rana tana dukan tsakar ka. A garinmu ruwa ba ya zuwa sai hadari ya haɗu a kanka, iska ta kaɗa, kaji su shige akurki. Na yi dariya, na ce masa minti gomansa na san shi, shayi uku ne da labarin awaki. Har na ƙara da cewa motocin nawa ne, ni ke cewa a bi nan ko can. Ya dube ni, ya gyara rawaninsa ya hau kusa da ni. Ya ce ba don ni zai shiga ba, don mutanen nan shida ne da aka damƙa masa.

Ba zan ɓoye ba, minti ashirin na farko na ji daɗi. Motocin suna tafiya kamar ba su taɓa ƙasa, baƙi suna ihu, ni ina satar kallon Baba in ga ko ya ji kunya. Muka wuce wasu masu garka suna ta kiciniyar jan injinan ban ruwa da tiyo daga cikin korin zuwa tudu. Suka ɗaga mana hannuwa biyu suna kaɗawa, wani har da cire rawani. Baƙi suka ɗaga musu hannu suna murna, ni ma, don tsabar wauta, na ɗaga musu. Baba ya yi ta dukan kafaɗata yana magana, ƙarar injin da hular da ke kaina suka hana ni ji, ko kuwa in faɗi gaskiya, ban so ji ba. Ana cikin haka sai mai jan gemun nan ya ga wuri mai faɗi, ya fara juyi da mota yana zana da'ira don matarsa ta ɗauke shi bidiyo. Juyi na uku tayoyin baya suka nutse har gindi. Na tsaya, na ɗaura igiya a mota ta biyu don a ja shi, ita ma ta tona wa kanta rami ta zauna. Mai mota ta ukun kuwa ya kashe ta, ya sa makulli a aljihu, ya tafi can gefe yana ɗaukar hoton wata ƙaya.

Ina durƙushe ina tonon rairayi da hannu, ina zagin kowa a zuciyata, sai Baba ya zo ya kashe injin da ke kunne, ya cire mini hular da kansa, ya ce in saurara. Na ji wani ruri daga baya, ƙasa-ƙasa, kamar kamiyo da yawa suna tahowa tare. Iska mai sanyi ta bugo mu da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inda muke, bangon korin ya fi tsayin mutum biyu ta kowane gefe, mota ba ta hawa. Baba bai tsaya jiran umarnina ba. Ya kama tsohuwar nan ya sa ta a motata, ya ja motar da gudu zuwa wata 'yar hanyar jakuna da ya sani a gaba, ya haye da ita. Masu garkar da muka ɗaga wa hannu ashe sun biyo mu da gudu ta saman bango. Suka kwance rawunansu suka ƙulla, suka zuro, suka fara jan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ko a wannan halin sai da wata ta koma ɗauko jakarta, mai jan gemu kuma yana hawa da hannu ɗaya don ɗayan yana riƙe da waya. Na yi masa tsawa da Hausa da Faransanci a haɗe, ban san ma abin da na faɗa ba.

Abin kunyar da ya fi damuna shi ne ni ne na ƙarshe, kuma ba don jarumta ba. Baƙi sun gama hawa, ni ina can ina ƙoƙarin tura mota ta biyu, ina ganin shekaru ukun da na yi a Cibarakaten suna zaune cikin rairayi. Sai da na ga goshin ruwan da idona, ja wur, yana turo itatuwa da kumfa da mushen akuya, sannan na saki. Ya buge ni a ƙwauri kafin in kama rawanin, ya tafi da takalmana. Wani mai garka mai furfura, wanda ɗazu ya cire rawani yana kaɗa mana, shi ya damƙe wuyan rigata ya fizgo ni sama. Muka tsaya a bakin bango muna kallo, motoci uku suka ɗaga, suka juya a hankali, suka kife, ruwa ya tafi da su kamar gwangwanayen madara. A sama kuwa har lokacin rana ce tas.

Kun san abin da ya ƙarasa ni? Baƙin nan murna suka yi. Suka rungumi juna, suka rungumi masu garka, suka yi ta nuna wa juna bidiyo. Katkat ɗin masu rakiya ya zo ya kwashe su a matse, suka isa filin jirgi da sauran lokaci. Kafin su hau, mai jan gemu ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa yin yawo mai daɗin wannan ba, ya kuma tambaye ni da gaskensa ko ruwan kullum yake zuwa, da ƙarfe nawa, don yana da abokai da za su so gani. Ina tsaye ba takalmi, taɓo har cinya, na zare hannuna daga nasa. Washegari na wuni wurin jandarma ina amsa tambayoyi. Mai otel ya ce ko kare ba zai sake ba ni in kai daji ba. Matata kuwa a kwana na uku ta tambaye ni ko a bidiyon da na gani akwai duwatsu a bayan tekun. Baba bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya zo gareji ya ajiye mini makullin motar da ta tsira, ya ce patron, shi ya gama, domin a shekara talatin bai taɓa tsayawa yana ƙirga kawunan baƙinsa don ya ga ko akwai wanda ya rasa ba sai ranar.

Na koma gyaran mota, kuma na gode wa Allah da ya sa ƙarfe kawai na rasa. Har yanzu nakan farka da tunanin tsohuwar nan da sandarta, in tambayi kaina me zan ce wa 'ya'yanta da Baba ya yi fushi ya ƙi hawa motar. Abin da na gane a makare shi ne, tsayawar da yake yi a garake, wadda nake kira ɓata lokaci, ita ce ainihin aikin. Ni na iya injin, na iya tuƙi, amma ƙasar ban san ta ba, kuma girman kai ya hana ni tambayar masu ita. Don haka ina kira ga 'yan'uwana matasa, musamman mu da muka zo daga kudu muka sami ɗan abin hannu: kada ka ga sana'a a waya ka ɗauko ta ka dasa a inda ba ka san halin wurin ba. In ka ɗauki ran mutane a hannunka, agogo ba shi ne shugabanka ba. In kuma ka ga mai garka yana kaɗa maka hannu biyu, ka taka birki ka ji abin da yake faɗa.

Motocin uku ba a sami komai nasu ba sai kujera ɗaya ja, da ruwa ya yar a ƙasan garkar mai furfurar nan da ya fizgo ni. Ya wanke ta ya ajiye a gindin dabino, a kanta yake zama yana shan shayi. Duk lokacin da aiki ya bi da ni ta wajen, nakan tsaya, in sauka, in gaishe shi, in tambayi iyali da awaki da albasa. Yakan matsa ya ba ni kujerar in zauna, ya miƙo mini kofi, sannan ya ɗaga kai ya dubi sama, ya tambaye ni ko yau ma ina sauri.