Maharazu Mai Naɗin Bututu, Wanda Ya Raba Hatsinmu da Wuta

Kullum bayan sallar asuba, kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Malam Maharazu yakan fito daga gidansa a Tasawa ya nufi gareji. Ga mai lafiya tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma shi sai ya tsaya sau uku a hanya, ya dafa katanga, ya jira numfashi ya dawo. In ya isa, sai ya cika wani tsohon bokiti da ruwa, ya tsoma ƙullin zaren naɗi a ciki, sannan ya zauna bisa tsohuwar taya yana jiran wanda Allah zai kawo.

Motoci masu turbo, wato na'urar nan da hayaƙin inji ke juyawa ta ƙara wa mota ƙarfi, bututun hayaƙinsu kan yi zafi har ya koma ja wur. Aikin Maharazu shi ne ya naɗe bututun da zaren da wuta ba ta ci, daga bakin turbo har ƙasa, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, ya ɗaure da waya tamau. Zafin sai ya bi hayaƙi ya fice, ya ƙyale tiyo da wayoyin da ke kusa. Shekara arba'in ke nan yana wannan aiki. Ranar Juma'ar nan zai miƙa kayan aikinsa ga Bawa, abokin sana'arsa, domin ƙirjinsa ya ƙi.

Samarin da ke kawo masa motocin gudu daga Maraɗi sun san shi da faɗin gaskiya. Yakan ce musu, “Naɗi na tsare inji, amma shina cin ƙarfen bututu. In ba ka buƙata, tahi da motarka.” Abin da ba su sani ba shi ne yadda aka yi ya fara.

A shekarar tamanin da huɗu damina ta ƙi. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, ga iyakar Najeriya a rufe. Soja ke mulki, su ke raba jar dawar taimako, kuma a wancan zamani wanda aka kama da buhu ɗaya na gwamnati ya san ya gamu da gamonsa. Manyan kamiyoyi, wato motocin ɗaukar kaya, masu turbo ke kwasar dawar daga Tasawa zuwa ƙauyuka.

Wata Talata da azahar, ɗaya daga cikinsu ta kama da wuta a cikin rairayi, saura kaɗan ta shiga ƙauyen Kona. Iya Hindu, wadda yanzu ta tsufa tukuf, tana cikin matan da suka yini a bakin gari da ƙorai suna jiran rabo. Ta ce, “Muna ganin mota tahe, muna ta hamdala, sai munka ga hayaƙi baƙi ƙirin. Munka sheƙa. Babu ruwan da za a zuba, rijiya ta yi ƙasa. Muna tsaye tana ci. Da ta huce, munka bi rairayi muna tsintar ƙonannar dawa, ga warin man gazuwal, haka munka daka munka ba ɗiya.” A cikin kwana goma da suka biyo baya, ta binne 'ya'ya biyu.

Direban motar, Ɗan Baba, ya tsira da ƙuna a hannu. Kafin magariba an ɗaure shi. Aka ce ya sayar da rabin kayan a hanya, ya cinna wa sauran wuta don ya ɓatar da sawu.

Maharazu a lokacin ƙaramin makanike ne, bai fi shekara talatin ba. Ya hau amalanke ya je ya ga gawar motar, ya shiga ƙarƙashinta ya yini. Ya tarar farantin ƙarfen da ke kare zafin bututu babu shi, gargada ta kakkarya ƙusoshinsa ya faɗi tun tuni. Tiyon gazuwal kuwa ya narke daidai inda ya fi kusa da bakin turbo. Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Zara'u zai je wurin hafsan da ke kula da rabon. Ta riƙe masa riga.

“Malam, ka rufa mani asiri. Wa ya aike ka? Wanda duk ya shiga wurin nan da ƙafarshi, ba shi ke hiddo kanshi ba.”

“Zara'u, sauran motoci goma sha ukku haka suke. Gobe wata za ta ci.”

Hafsan ya bar shi tsaye a rana har la'asar kafin ya ce a shigo da shi.

“Ranka shi daɗe,” in ji Maharazu, “direban ga bai saci komi ba. Mota ce ta ci kanta.” Ya ajiye guntun narkakken tiyon a kan tebur.

“Bon. Kai ka fi waɗanda sunka ƙera ta sani ke nan?”

“A'a. Su don kwalta sunka ƙera ta. Mu rairayi gare mu. Ga kaya, ga ƙaramin giya, ga rana.”

Hafsan ya daɗe yana juya tiyon. Daga bisani ya ce, “Na ba ka mota guda. Gyara ta, ka shiga ciki, a bi hanyar Kona da tsakar rana. In ta ci, in ka hita da rai, kai da direban ɗaki guda.”

A wata tsohuwar masana'antar gyaɗa da fari ya rufe, akwai farar igiyar amiyanti, wato asbestos da wuta ba ta ci, da aka naɗe bututun tukunyar tururi da ita. Maharazu ya warwaro ta, ya naɗe bututun kamiyon. Washegari suka ɗauki hanya, soja biyu a bisa buhuna. Motar ta kafe sau biyu, inji na kuka kamar zai tsage. Da suka shiga Kona ya sauka, ya kama tiyon gazuwal da tafin hannu a gaban sojojin. Ɗumi kawai. Ranar aka auna wa Iya Hindu tiya uku.

An saki Ɗan Baba bayan kwana goma sha tara, kunnensa na hagu ba ya ji. Bai sake tuƙa mota ba har ya rasu. Ba wanda ya ba shi haƙuri, ba kuma wanda ya ce wa Maharazu sannu. Umarni kawai aka ba shi ya naɗe sauran, har da masu zuwa ƙasar Mayahi.

Igiyar amiyanti, in ana so kada ta yi ƙura, jiƙa ta ake yi. A waccan shekarar wa zai zuba ruwan sha a kan igiya? A bushe ya yanka ta, a bushe ya ja ta, kwance a ƙarƙashin mota, farin gari na zuba masa a fuska. Zara'u ta ce yakan dawo gida kamar wanda ya faɗa buhun garin rogo. Babu ko ɗaya a cikin motocin da ta sake kamawa da wuta.

Shekara shida da suka wuce likita a Maraɗi ya ɗaga hoton ƙirjinsa, ya tambaye shi aikin da yake yi. Ya ce garin igiyar nan yana nan cikin huhu, ya mai da shi kamar busasshiyar fata, kuma babu maganin da zai fitar da shi. A mota, kan hanyar komawa, Zara'u ta tambaye shi, da ya san haka za ta kasance, da ya taɓa igiyar?

Ya yi tari mai tsawo. Ya ce, “Da na sani, da na ɗaure hanci da rawani biyu. Amma da na naɗa.”

Malam Maharazu, kai ne ka shiga inda manya suka yi shiru, da guntun tiyo a aljihu. Kai ne garkuwar hatsin talakawa. Akwai magidanta yau a Kona da Bawdeta da ƙauyukan Mayahi, masu 'ya'ya da jikoki, waɗanda kunun da ya riƙe ransu suna goye, a motar da ka naɗe ya iso, ba su ma taɓa jin sunanka ba. A madadinsu muna cewa mun gode. Allah Ya sassauta maka, Ya sa wannan ciwo ya zama kaffara.

Ku kuma masu sana'a, ku ɗauki abu biyu daga gare shi. In kun san gaskiyar da za ta kwance wani daga ɗauri, ku faɗe ta ko da murya na rawa. Kuma ku kula da ƙirjinku, ku rufe hanci, domin Maharazu bai taɓa yarda wani ya yanka zare a bushe a garejinsa ba. Sauranmu, gidansa ba ɓoyayye ba ne. Ba ya iya doguwar magana yanzu, amma yana jin sallama, yana kuma gane fuska. Mu je mu gaishe shi yana ji, kada mu bari sai ranar da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan.