Makubar Inna a Kan Garin Lantarki

Ɗan kawuna na Kabo taubashina ne, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu zagi ba. Ni na tsaya a Gwarzo ina sayar da kayan janareta, shi kuma ya shige jami'a ya ƙi fitowa, har furfura ta same shi a can yana neman digiri na uku.

Abin da yake nema wani baƙin gari ne, kamar garin gawayi. Ya yi mini bayaninsa har kunnena ya yi kanta. Wai akwai na'urar da ke haɗa gas da iskar da muke shaƙa ta ba da lantarki, ba ƙara, ba hayaƙi. Gefen da ke shan iskar, da wani irin yumɓu ake yin sa, sunansa ferofskait. Aikin taubashina shi ne ya barbaɗa wa yumɓun nan wani sinadari kaɗan, kamar kanwa a miyar kuka, don iska ta ratsa shi da sauƙi. Sai a danne garin ya zama 'yan faifai kamar kwabo, a gasa su a wuta mai tsanani, a bar su su huce a hankali.

A wajen gashin nan aka kayar da shi. Tanderun sashensu na lantarki ne. In ya sa faifansa da safe, kafin hantsi an ɗauke wuta. Ranar da aka kawo ta da ƙarfi, sai ta ƙone tanderun gaba ɗaya. Mai neman ya haska Najeriya, ga shi yana karatu da fitilar waya.

Wata ranar kasuwa ya shigo shagona, ya zauna a kan kwalin fulogi bai zage ni ba. Nan na san abin ya kai.

"Bawana, wa ya mutu?" na ce.

"Wa'adina ya kusa cika," ya ce. "In ban kai sakamako a zangon nan ba, za su cire sunana. Garin da ya rage mini bai cika gwangwanin madara ba, kuma ba a samun sa a ƙasar nan."

Shi ya kawo maganar wata tsohuwa mai ginin tukwane a wani ƙauye kusa da Gammo. Ya san wutarta ba za ta kai ta tanderu ba, amma ko rabin gashi aka samu, zai sami abin aunawa da abin rubutawa. Na ce masa wutar tsohuwar nan na taɓa ganin ta narkar da garma, har da manomin. Bai yi dariya ba, amma ya hau bayan babur ɗina.

Mun same ta tana jera tukwane a ramin gashi. Muka durƙusa, muka gaida ta, muka gaida gida da gona da jikoki har gwiwata ta sage. Taubashina ya fito da faifansa a cikin wani ɗan farin kasko, ya sa a cikin tukunya mai murfi.

"Inna, roƙona ɗaya. Kada a taɓa wannan sai toka ta yi sanyi."

"Ɗan nan, ina gashi tun uwarka ba ta iya ɗaura zani ba," ta ce. "Magani ne?"

"Kusan haka, Inna."

Aka lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, aka cinna. Wuta ta tashi har shaho ya canza hanya. Muka tsaya muna gumi har azahar, sai maigidan tsohuwar ya ja mu masallaci, daga nan zaure, inda aka ajiye mana ƙwaryar fura wadda mutum zai iya wanka a ciki. Taubashina yana ta leƙen ƙofa, amma baƙo ba ya tashi ya bar furar mutane.

A wajen masu ginin tukwane, tukunya ba ta gama zama tukunya sai an zaro ta da zafinta an yayyafa mata ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ta yi ƙauri da sheƙi. Da muka koma, Inna ta riga ta zaro komai da doguwar sanda. Ta buɗe tukunyarmu, ta ga abin baƙi ba sheƙi, ta ji kunyar a ce kayan baƙo ya fita hannunta a haka. Ta ba faifan makuba har da ƙari.

Faifan sun farfashe kamar ƙuli a turmi, suna iyo a jan ruwa.

"Na ga ka matsu, shi ya sa ban jira tokar ba," ta ce. "Naka na fara yi wa, kafin nawa."

Ya daɗe yana kallon kaskon. Sannan ya durƙusa.

"Allah ya saka da alheri, Inna. Allah ya ƙara girma."

Ta ba shi asusu kyauta, wai ya kai wa yara.

A hanya na yi ta neman abin da zan ce. Na ce ko ya rubuta cewa ya gano makuba ba ta ba da lantarki, ai shi ma ilimi ne. Ina jin goshinsa ya jingina da bayana, bai ɗaga ba har muka shiga Kabo. A ƙofar gidansu ya sauka, ya zubar da jan ruwan a kwata.

Zangon ya ƙare, suka cire sunansa. Yanzu yana koyar da kimiyya a wata sakandare, a ajin da ba ko kwalbar gwaji. In mun haɗu a suna ko jana'iza nakan tsokane shi yadda na saba, shi kuma sai ya miƙo hannu ya tambaye ni iyali, kamar wani baƙo.